Tsoede, Sarkin Nufe da Ya Zo ta Ruwa

Ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kagara, rafuka ne ke kwashe shi su miƙa wa Kogin Kaduna. Shi kuma Kaduna ya gangara ta Zungeru da Wushishi, ya ratsa fadamun ƙasar Nufe, ya je ya faɗa Kwara a Muregi, daura da Patigi. Kafin ya isa mahaɗar yakan wuce wani ƙaramin gari da ake kira Gbara. Wanda ya ga Gbara a yau ba zai kawo a ransa cewa nan ce tsohuwar fadar Nufe ba. Amma Nufawa sun ce a nan Tsoede ya zauna, da dawakai 5,555 ɗaure a bargarsa, daga nan kuma ya riƙa fita yaƙi. Kudu ya ci Yagba da Bunu da Kakanda, arewa ya taɓa Kambari da Kamuku. Kamuku kuwa su ne 'yan ƙasa a Kagara da Tegina da kewaye. Ashe ƙurar dawakin wannan sarki, in labarin ya tabbata, ta iso har inda muke.

Tsoede, wanda wasu ke ce wa Edegi, shi Nufawa suka ɗauka Etsu na farko, wanda ya haɗa kan ƙasar ya ba ta sarki guda. Ya yi zamaninsa tun kafin Musulunci ya zauna a fadar Nufe, don sai a ƙarni na 18, lokacin Etsu Jibrin, aka sami sarkin da kowa ya yarda Musulmi ne. Saboda haka babu malamin fada da ya rubuta ranar naɗinsa ko ranar rasuwarsa. Baki ne ya riƙe labarin, daga kaka zuwa jika, har Turawa suka zo suka sa shi a takarda. Bajamushen nan Leo Frobenius ya ji shi a ƙasar Nufe a 1911. Wanda ya fi tsayawa a kansa shi ne S. F. Nadel, da ya zauna cikin Nufawa a tsakiyar shekarun 1930, ya koyi harshensu, ya fitar da littafinsa A Black Byzantium a 1942. Yawancin abin da ake karantawa a yau game da Tsoede daga bakin dattawan da suka zauna da Nadel ya fito.

Ga yadda suka ba da shi. A wancan zamani Nufe ba ta da sarki ɗaya. Garuruwa ne kowanne da nasa shugaba, dukansu kuma suna biyan gandu ga Atta na Igala da ke Idah, can ƙasa a bakin Kwara, gaba da mahaɗar Lakwaja. Gandun kuwa mutum ne: kowane gida sai ya ba da namiji guda. Wata shekara ɗan Atta ya zo farauta ƙasar Nufe, ya sauka a garin Nku, ya ga 'yar sarkin garin, ya zauna da ita. Ana cikin haka saƙo ya iso cewa mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida ya hau gado. Ya tafi ya bar ta da ciki, ya bar mata zobe da laya, ya ce a ba abin da za ta haifa.

Abin da ta haifa shi ne Tsoede. Da ya kai shekara 30, biyan gandu ya zagayo kan gidansu, sai kawunsa, wanda ke riƙe da sarautar Nku a lokacin, ya saka shi cikin bayin da za a kai Idah. A can Atta ya ga zoben da layar a jikin bawan, ya gane jininsa ne, ya jawo shi jiki. Ba a daɗe ba Atta ya kwanta ciwo, ciwon da ya gagari masu magani. Boka ya ce ba waraka sai an tsinko 'ya'yan wata doguwar kwakwar manja da ke bayan gari. 'Ya'yan sarki suka gwada ɗaya bayan ɗaya suka kasa. Tsoede ya hau ya tsinko, amma garin hawan ya tsage leɓensa. Shi ya sa, in ji Nufawa, yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe akan laƙaba masa sunansa.

Shekara 30 ya yi a Idah. Da Atta ya ji ajali ya matso, ya kuma san 'yan uba ba za su bar ɗan Banufiya da rai ba, sai ya kira shi ya ba shi ƙasar Nufe, ya haɗa masa kayan sarauta: jirgin ruwa na tagulla da bayi Nufawa 12 masu tuƙi, da kakaki, da tambura masu ƙararrawa, da manyan sarƙoƙin ƙarfe. Tsoede ya kama ruwa ya nufi sama, 'yan uban suna biye da shi a nasu jiragen. Da ya iso bakin Kaduna ya shige wani lungun ruwa da ake kira Ega ya laɓe, har masu binsa suka gaji suka juya. A nan ya nutsar da jirgin tagullar, kuma mutanen wurin sun daɗe suna cewa in wata ya yi haske akan hango ƙyallinsa a ƙarƙashin ruwa. Daga nan ya auka wa Nku, ya kashe kawun nan da ya ba da shi, ya hau gado. Matuƙansa 12 ya raba musu garuruwan Nufawan Beni 12, waɗanda Bida da Doko ke cikinsu. Ya fara zama a Nupeko, da wurin ya yi masa kaɗan ya koma Gbara. An ce shi ya zo da masu zubin tagulla da gwanayen sassaƙar jirgi, shi ya kawo biyan dukiyar aure, shi kuma ya kawo yanka mutum don tsafi. Masu ba da labarin ba su ɓoye wannan na ƙarshen ba. Ya rasu a bakin daga, can arewa a Gbagede, shekarunsa sun haura 120.

Littattafai sukan jero shekarun tsaf-tsaf: an haife shi a 1463, wasu su ce 1465, an kai shi Idah a 1493, ya gudo a 1523, ya zama Etsu a 1531, ya rasu a 1591. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mutum ya hau gado yana da shekara 68, ya yi 60 a kai, ya mutu yana jan runduna da shekara 128 a duniya. Waɗannan lambobin an same su ne ta tara shekarun mulkin sarakunan da ke cikin jerin sunaye, a yi ta ja da baya har a dire kan na farko, sannan a ɗora masa 30 ɗin Nku da 30 ɗin Idah. Michael Mason, wanda ya yi dogon bincike kan tarihin Bida, ya rubuta maƙala a 1975 inda ya gwada jerin sarakunan da aka tattara da juna, ya nuna saɓanin da ke tsakaninsu, har ya yi tambaya ko labarin Tsoede ba dabarar siyasa ba ce da aka gyara daga baya. Tambayar ba ta wasa ba ce. Dawakan ma haka. Lambar 5,555 ta fi kama da kirarin maroƙi, musamman a ƙasar da ƙudan tsando ke cin doki, inda dole sai an sayo shi da tsada daga arewa, ba ya kuma daɗewa.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ƙara dagula lissafin. A ciki an ce Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, ya aika wa Sarkin Nufe dawakai 10, shi kuma ya mayar masa da babanni 12. Kafin nan ma, a zamanin Dauda (1421 zuwa 1438), kundin ya ce Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000. A bar zancen Amina, tunda wasu suna kai zamaninta ƙarni na 16. Na Yakubu kaɗai ya isa. Tun ba a haifi Tsoede ba, bisa lissafin nan, Kanawa sun riga sun san wani Sarkin Nufe mai fada da babanni, mai neman doki. To, in akwai sarki kafin na farko, sai dai a ce Tsoede gidan sarauta ya kafa, ya kawar da wanda ya tarar. Kakakin da aka ce daga Idah ya zo da ita ma, kundin Kano ya lissafa ta cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara, kuma mutum zai fi tsammanin ta arewa ta shiga Nufe, a ayarin da ya kai dawakan.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki labarin tatsuniyar gizo a watsar. Abubuwa biyu sun faru a daidai waɗannan shekarun, waɗanda ba Nufawa ne suka faɗe su ba. Na farko, a 1515 zuwa 1516 Idah ta gwabza yaƙi da Binin a zamanin Oba Esigie, kuma akwai 'yan Fotugal a Binin lokacin da suka rubuta wa sarkinsu wasiƙa kan yaƙin da Oba ya fita. Ke nan Idah da gaske ƙasa ce mai ƙarfi a shekarun da aka ce Tsoede yana can. Na biyu ya fi wannan. Yarabawa da kansu, a tarihin da Samuel Johnson ya tattara aka buga a 1921, sun yarda cewa a zamanin Alafin Onigbogi, Tapa, wato Nufawa, sun ci tsohuwar Oyo, birnin da Hausawa ke kira Katunga. Sarki ya gudu ƙasar Bargu, magadansa suka zauna a Igboho, ba su koma gida ba sai wajen 1610. Masana sun sa faɗuwar birnin a wajen 1535, shekara huɗu bayan shekarar da aka ce Tsoede ya zama Etsu, kuma da yawansu na ganin daga wannan kashin da ta sha ne Oyo ta koyi yaƙin doki. Bayarabe ba shi da dalilin ƙirƙirar labarin da ke nuna an kori sarkinsa. Saboda haka a farkon ƙarni na 16 lalle wani ya tara ƙarfin Nufe wuri guda har ya iya ƙetare Kwara da runduna. A ganina mulkin nan na shekara 60 ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sarakuna biyu ne ko uku aka haɗe a suna guda.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne kayan da aka ce ya bari. A ƙauyen Tada da ke bakin Kwara ƙasa da Jebba, da tsibirin Jebba, da Giragi, an tarar da gumakan ƙarfe kimanin goma, waɗanda mutanen wurin suka ce Tsoede ne ya ajiye su. A Jebba an tarar da maharbi da wata mace a tsaye. A Tada an tarar da jarumi cikin ado, da jimina biyu, da ɗan giwa. Wanda ya fi su duka shi ne wani mutum a zaune, tsayinsa ya ɗan haura rabin mita, ya kwantar da ƙafa ɗaya a ƙasa ya ɗaga gwiwar ɗayar, da ɗan zane ɗaure a ƙugu. Hannuwansa sun guntule, amma kafaɗa da ciki da cinya duk suna nan da tsokarsu, kai ka ce zai motsa. Kusan tsantsar jan ƙarfe ne, kuma duk maƙerin da ya taɓa zubi ya san wahalar wannan. Akan gina siffar da kakin zuma a kan dunƙulen yumɓu, a rufe da wani yumɓun, a gasa kakin ya narke ya fita, sannan a zuba ƙarfe a gurbinsa. Jan ƙarfe tsantsa kuwa ba ya gudana a mazubi yadda farar tagulla ke yi, da wuri yake daskarewa. Wanda ya zuba wannan gunki gwani ne na ƙarshe. Fuskar ta shafe ta yi sumul, domin a da kowace Juma'a mutanen Tada sukan kai shi bakin kogi su cuɗe shi da tsakuwa, don mata su haihu, kifi kuma ya yawaita.

Da aka gwada yumɓun da ya rage a cikinsa a shekarun 1970, sai aka ga aikin wajen farkon ƙarni na 14 ne. Ƙirar kuma irin ta Ife ce. Wato gunkin ya girmi sarautar Tsoede da shekara kusan 200, kuma daga ƙasar Yarabawa ya fito, ba daga Idah ba. Yanzu yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Legas. Wuraren da aka tarar da gumakan mashigai ne a kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin kurmi da arewa. Ibn Batuta, da ya sauka a Takedda a 1353, ya ga yadda ake fitar da jan ƙarfe daga can zuwa Gobir da Barno, ya kuma ambaci wata babbar ƙasa a ƙasan kogi da ya kira Yufi, wadda wasu masana suka ce Nufe ce, wasu suka ce Ife. Ko wacce ce, harkar ƙarfe da fatauci a wannan yanki ta riga Tsoede. Abin da ya faru shi ne sunansa ya zama kamar rumbun gida, duk abin da aka rasa mai shi sai a zuba a ciki.

Ba Nufawa kaɗai ke yi wa sarkinsu haka ba. A Indiya akwai Raja Bhoja, sarkin Hindu na gidan Paramara, wanda ya mulki ƙasar Malwa daga birnin Dhar tsakanin wajen 1010 da 1055. Bayan mutuwarsa an jingina masa littattafai sama da 80, kan waƙa da nahawu da gini da magani da taurari. Ɗaruruwan shekaru bayan haka wani littafin hikayoyi mai suna Bhoja Prabandha ya zaunar da mawaƙi Kalidasa a fadarsa, alhali Kalidasa ya riga shi da shekara kusan 600. Bambancin shi ne Bhoja ya bar allunan jan ƙarfe da aka rubuta kyaututtukan filayen da ya yi, da shekara a jiki, ya kuma bar wani katafaren ɗakin bauta a Bhojpur da bai gama ba. Da waɗannan masanin Indiya zai iya ware sarkin daga hikayar. Ƙarfen Tsoede ba rubutu a jikinsa, da aka tambaye shi shekarunsa kuma sai ya ba da shaidar wasu mutanen daban.

To, in labarin bai faɗi gaskiyar rayuwar mutum ɗaya ba, me yake faɗa? A duba sarƙar. Egba Tsoede, kamar yadda Nufawa ke kiranta, an ajiye ta ne gutsure-gutsure a wasu garuruwa na bakin Kwara da ake ce wa ledu, waɗanda Tada da Jebba da Giragi ke cikinsu. A zamanin da, mutanen waɗannan garuruwa su ne haunin sarki. Laifin da ya fi ƙarfin mai gari, irin su fashi a kan hanya da kisan kai, na Etsu ne. In ya yanke hukunci sai a kai mai laifin garin ledu, a can a shaƙe shi da sarƙar. A kanta ake rantsuwa, ana kuma yi mata yanka. Nadel ya tarar da ragowar wannan tsari har ya rubuta maƙala a kansa a 1935. Duk garin da ke da guntun sarƙar, hukuncin Etsu ya kai can. Haka Kede, masu jiragen da suka riƙe fito da dakon kaya a Kwara a da, waɗanda shugabansu Kuta ke zaune a Muregi: sun ce Tsoede ne ya ba kakansu sarautar ruwa don ya taimake shi ranar gudu. Haka sarakunan Beni 12, kowanne yana cewa kakansa na cikin jirgin. Duk inda labarin ya ce Tsoede ya tsaya, ko ya ajiye wani abu, ko wani ya agaza masa, za ka tarar akwai mai sarauta a wurin da ke kafa hujja da wannan. Ni abin da nake gani a labarin ke nan, rabon muƙamai ne da iyakokin ƙasa aka saka cikin tafiyar mutum ɗaya, don kowa ya haddace. Ya kuma nuna inda ƙarfin Nufe yake, wato a ruwa da kuɗin fito, kafin a zo maganar doki.

Gidan da ya kafa ya yi kusan shekara 300 kafin ya tsage. A farkon ƙarni na 19 'yan gida biyu, Jimada a Gbara da Majiya a Raba, suka shiga yaƙin neman gado. Wani malami Bafulatani da ya zo daga ƙasar Kabi, Malam Dendo, wanda Nufawa ke ce wa Manko, ya shiga tsakani, yau ya goyi bayan wannan gida gobe wancan, har ƙarfi ya koma hannunsa. Shi dai bai karɓi sarautar ba har ya rasu a Raba a 1833. 'Ya'yansa ne suka karɓa, Usman Zaki da Masaba, wanda mahaifiyarsa Banufiya ce, kuma bayan yaƙe-yaƙe masu yawa suka zauna a Bida wajen 1857. Abin lura shi ne ba su zubar da abin da suka tarar ba. Suka ɗauki sunan Etsu Nupe, suka ci gaba da busa kakaki, jikokinsu suka koma magana da Nufanci, har yau kuma gaisuwar sarkin Bida Bagadozhi ce. A wannan zamanin ne Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya yi zama a ƙasar Nufe kafin ya hauro arewa ya kafa Kwantagora, kuma hare-harensa da na ɗansa Ibrahim ne suka bar tabo a ƙasar Kamuku, tabon da ya danne duk wani tsohon labarin mahayan Gbara.

A watan Janairu 1897 sojojin kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, suka ci Bida da manyan bindigogi, suka raba ta da ƙasarta da ke kudu da kogi. A 1898 aka ɗauko Idrisu Gana, daga zuriyar Jimada, aka naɗa shi Etsu a Patigi, a gaɓar kudu. Zuriyar Majiya kuwa suka ci gaba da zama a Zugurma. Rabon jihohi ya bi wannan layin: Bida, inda gidaje uku na zuriyar Dendo, wato na Usman Zaki da Masaba da Umaru Majigi, ke karɓa-karɓar sarauta, tana Jihar Neja, Patigi kuma, inda masu kirga asalinsu daga Tsoede ke kan gado, tana Jihar Kwara.